Maƙogwaron Lantarki: Yadda Ake Koyon Ƙera Sauti a Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ɗaukar waƙa a garuruwanmu ya ga abin kiɗan nan na lantarki da aka fi sani da fiyano. Makaɗi zai danna maɓalli ɗaya a ji sarewa, ya danna wani a ji ganga. Waɗannan sautuka an riga an dafa su tun daga masana'anta, aikin makaɗi shi ne ya zaɓi wanda yake so. Akwai kuma wata na'ura ta daban wadda ba ta zo da dafaffen sauti ko ɗaya ba. Ita tarin sassa ce, kowane sashe da aikinsa guda, kuma ba za ta ce uffan ba sai mai amfani da ita ya sada sassan da wayoyi. Sunanta sintesaiza mai sassa. A da sai jami'o'i da mawaƙa masu hannu da shuni a Turai da Amurka ke iya mallakar ta, amma yanzu an mayar da ita manhajar kwamfuta wadda ɗalibi zai iya samu kyauta.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin ilmin halittu da kayan kiɗa? Lalura ce ta kai ni. Na'urar da muke nuna wa ɗalibai siffar igiyar sauti da ita a ɗakin gwaje-gwajenmu ta lalace, ga kuma darasin kunne ya gabato. Wani ɗalibina ya nuna mini manhajar da ake kira VCV Rack, ya ce akwai irin wannan na'urar a cikinta. A daren farko na yi fiye da awa biyu ina jona wayoyi, ko tarin kwamfutar ban ji ba. Sai da na tsaya na karanta aikin kowane sashe, sannan na lura cewa abin da ke gabana tsarin muryar ɗan'adam ne aka shimfiɗa a kan allo, ga maƙogwaro, ga baki, ga numfashi, ga kuma jijiyoyin da ke kai musu umarni. Tun daga ranar abin ya zo mini da sauƙi, kuma ta wannan hanya nake so in gabatar da shi ga ɗalibai da malamansu.

Sauti da yadda kunne ke karɓar sa

Sauti dai girgiza ce da ke ratsa iska. Idan fatar ganga ta kaɗa, sai ta tura iskar da ke kusa da ita, ita ma ta tura ta gaba, har motsin ya isa kunne da gudun kimanin mita 343 a sakan. Yawan kaɗawar da abu ya yi a sakan ɗaya ana auna shi da ma'aunin da ake rubutawa Hz, domin tunawa da masanin nan Bajamushe, Heinrich Hertz. Idan kaɗawar ta yi yawa sai sautin ya yi kaifi, idan ta yi kaɗan sai ya yi kauri. Kunnen matashi lafiyayye yana jin sauti daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz, amma iyakar ta sama tana raguwa da shekaru.

Girgizar takan fara faɗawa kan dodon kunne, daga nan ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta zuwa wata gaɓa mai cike da ruwa wadda ta naɗe kamar katantanwa. Da za a warware wannan katantanwa, tsawonta kimanin milimita 35 ne, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi wajen 16,000 waɗanda ke mayar da motsi ya zama saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy, mutumin ƙasar Hangari, ya nuna cewa kowane sauti da wurin da ya fi motsawa a cikin katantanwar, masu kaifi a bakinta, masu kauri can ciki. Wannan bincike ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1961.

Abin da ya sa muke bambanta goge da sarewa ko da sun tashi da kaifi ɗaya shi ne, kusan kowane sauti gungu ne. Akwai uwar sauti, wato kaɗawa mafi ƙaranci, akwai kuma 'ya'yanta, masu kaɗawa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har abin da ya yi sama. Uwa mai 200 Hz tana tafe da 'ya'ya masu 400, 600, 800 Hz. Yawan 'ya'yan da ƙarfin kowannensu su ne ke ba abin kiɗa amonsa. Lissafin wannan al'amari ya samo tushe daga aikin Bafaranshe Joseph Fourier na 1822, sannan Hermann von Helmholtz ya danganta shi da kunne da kiɗa a littafinsa na 1863. Sintesaiza kuwa tana bin hanyar ne ta baya, maimakon ta rarrabe sauti yadda kunne ke yi, sai ta gina shi.

Asalin na'urar

A 1964 wani injiniya Ba'amurke, Robert Moog, ya nuna sassan sintesaizarsa na farko a taron injiniyoyin sauti a birnin Niyok. A daidai wannan zamani Don Buchla yana can San Faransisko yana ƙera tasa, ba tare da ɗaya ya kwaikwayi ɗaya ba. Dabarar da suka yi tarayya a kai ita ce a riƙa sarrafa kowane sashe da ƙarfin lantarki maimakon hannu kawai, ta yadda wani sashe zai iya juya wani. Faifan Wendy Carlos mai suna Switched-On Bach, wanda ya fito a 1968, shi ya sa jama'a suka yarda cewa na'urar Moog abin kiɗa ce ta gaske.

Sai dai na'urorin manya ne kamar kabad, ga tsada. Da ƙananan kayan kiɗa masu dafaffen sauti suka cika kasuwa, musamman DX7 na kamfanin Yamaha a 1983, sai aka yi watsi da masu wayoyi. Wanda ya farfaɗo da su shi ne Dieter Doepfer na Jamus, da ya fito da tsarin A-100 a 1995. Girman sassansa da ƙa'idar lantarkinsu suka zama abin koyi ga sauran maƙera, aka kira tsarin Eurorack. A 2017 wani Ba'amurke, Andrew Belt, ya fitar da VCV Rack, manhajar da ke kwaikwayon Eurorack a kan allo, aka kuma sabunta ta a ƙarshen 2021. Tana aiki a kan Windows da Mac da Linux. Babu lantarki na zahiri a cikin wayoyinta, lambobi ne kwamfuta ke lissafawa, sau 44,100 ko 48,000 a kowane sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin ƙa'ida ta nuna dole ya haura ninki biyu na sauti mafi kaifi da ake son fitarwa, wato 20,000 Hz ɗin nan na kunne.

Sassa huɗu, gaɓoɓi huɗu

A 1960 masanin furuci na ƙasar Suwidin, Gunnar Fant, ya bayyana cewa murya aiki ne mai hawa biyu, akwai mafarin sauti, akwai kuma abin da ke tace shi. Wannan bayani shi ne mabuɗin sintesaiza.

Sashe na farko an rubuta masa VCO a goshi, kuma shi ne maƙogwaron na'urar. A jikin mutum tantanin maƙwallato ne ke buɗewa yana rufewa idan iska ta taso daga huhu, kamar sau 120 a sakan ga namiji baligi, fiye da sau 200 ga mace. Mai karatu ya ɗora yatsa a maƙoshinsa ya ja harafin z, sannan ya ja harafin s, zai ji girgiza a na farko, babu a na biyu. Shi VCO yana da mafita huɗu. Wadda aka rubuta wa SIN uwar sauti ce tsagwaronta babu ɗa ko ɗaya, tana kama da fito. SAW, mai siffar haƙoran zarto, tana ɗauke da dukkan 'ya'ya, shi ya sa take da kaushi. Irin wannan motsi tsirkiyar goge ke yi idan izga ta kama ta ta saki. SQR kuwa 'ya'ya na uku da na biyar da na bakwai da ire-irensu take da su, tana tsallake na tsakani, TRI ma haka, sai dai nata 'ya'yan raunana ne.

Sashe na biyu, VCF, rariya ce, kuma shi ne bakin na'urar. Sautin da ke fitowa daga maƙwallato ɗanye ne, kogon baki da harshe da leɓɓa su ne ke ƙarfafa wasu 'ya'yan sautin su danne wasu, har a sami wasula. A muryar namiji, wasalin i yana da ƙarfi a wajen 300 Hz da kuma sama da 2,000 Hz, wasalin u kuwa a wajen 300 Hz da ƙasa da 1,000 Hz. Hujja mai sauƙi ita ce raɗa. Mai raɗa ba ya girgiza tantanin maƙwallato, hucin iska kawai yake fitarwa, amma duk da haka ana gane a da i da u a bakinsa, domin rariyar ba ta sake ba. A jikin VCF akwai maɓallin murɗawa mai suna CUTOFF, shi ke sa iyaka. Idan aka ɗauki sauti daga mafitar LPF, duk abin da ke ƙasa da iyakar zai wuce, abin da ke sama a danne shi.

Sashe na uku, VCA, ƙofa ce mai ƙara ƙarfin sauti ko rage shi, kamar yadda matsin iskar huhu ke yi wa murya. Ba shi da ra'ayin kansa, sai abin da aka umarce shi.

Mai ba shi umarnin shi ne sashe na huɗu, ADSR, wanda ke tsara rayuwar sauti daga haihuwa zuwa mutuwa. Harafin A lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya kai ƙololuwa, D lokacin da yake ɗauka ya ɗan sauko, S matakin da zai tsaya a kai muddin ana danne da maɓalli, R kuwa lokacin da yake ɗauka ya shuɗe bayan an saki. Bugun kalangu yana tashi nan take ya mutu nan take. Busar algaita kuwa tana tsayawa daram, domin mai busa yana shaƙar iska ta hanci alhali yana turo wadda ya tara a kumatu. Bambancin waɗannan biyu a wurin ADSR murɗa maɓallai huɗu ne kawai.

Saƙonnin da wayoyi ke ɗauka

Inda masu koyo suka fi rikicewa shi ne wayoyi, domin duk kamarsu ɗaya amma saƙonsu iri uku ne. Makaɗin kalangu zai fayyace mana su. Amon da ke fita daga fata shi ne saƙo na farko, wato sautin kansa, wanda ke kai da komowa tsakanin bolt 5 sama da bolt 5 ƙasa. Gular da ta doki fata ita ce saƙo na biyu, wanda aka rubuta wa GATE. Labarinsa guda ne, yanzu ko ba yanzu ba, bolt 10 ko sifiri. Hammatar da ke matse igiyoyin kalangu domin fata ta ɗame sauti ya yi kaifi, ita ce saƙo na uku, mai suna CV. Ba a jin sa da kunne, aikinsa kawai ake ji. Da wannan matsi ne kalangu ke kwaikwayon karin sautin Hausa, irin wanda ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala.

Ƙa'idar CV ta kaifin sauti an rubuta ta V/OCT, ma'anarta kuwa duk ƙarin bolt ɗaya yana ninka kaɗawa sau biyu. A bolt 0 VCO yana kaɗawa kimanin 262 Hz, a bolt 1 ya koma 523 Hz, a bolt 2 ya kai 1,047 Hz. Wannan tazara ta ninki biyu ita mawaƙan Turai ke kira oktaf, suka kuma kasa ta gida 12, don haka kowane gida kimanin bolt 0.083 ke nan. Ba da ka aka zaɓi wannan ƙa'ida ba. Kunne yana jin tazarar da ke tsakanin 262 da 523 daidai da wadda ke tsakanin 523 da 1,047, ko da yake ta biyun ta ninka ta farkon a lissafi. A cikin katantanwar kunne ma, a mafi yawan tsawonta, kowane ninki yana cin fili kusan daidai da ɗan'uwansa. Wato dai an auna na'urar ne da ma'aunin kunne.

Gwaje-gwaje huɗu na mai koyo

Sharaɗin farko shi ne wanda muke bi a ɗakin gwaje-gwaje: a sake abu ɗaya a lokaci ɗaya, a saurara, a rubuta abin da aka ji. Idan aka danna gefen dama na linzami a wurin da babu komai, jerin sassa zai bayyana. Ana jona waya ta hanyar jan linzami daga wata kafa zuwa wata, kullum daga mafita zuwa mashiga.

Gwaji na ɗaya, a ɗauko VCO da Scope da Audio. A cikin Audio a zaɓi lasifikar kwamfutar, domin rashin yin haka shi ne ya hana ni jin komai a darena na farko. A rage ƙarar lasifika sosai, sannan a ja waya daga SIN zuwa Audio, a ja wata daga SIN ɗin zuwa Scope. Za a ji sauti, a kuma ga igiyarsa. A murɗa maɓallin FREQ a ga yadda tuddan igiyar ke matsuwa yayin da sautin ke ƙara kaifi. Daga nan a mayar da wayoyin kan SAW. Kaifin bai sake ba, amma amo da siffa sun sake. An ce gani ya kori ji, amma a nan tare suke tafiya.

Gwaji na biyu, a sa VCF tsakanin SAW da Audio, a riƙa murɗa CUTOFF sannu a hankali sama da ƙasa. Za a ji kamar na'urar tana buɗe baki tana rufewa, tana cewa uwa, uwa. A Scope kuma za a ga haƙoran zarto suna dakushewa har su koma kusan siffar SIN, domin an tace 'ya'yan an bar uwar.

Gwaji na uku shi ne haɗa cikakkiyar murya. A ɗauko sashen MIDI to CV, a zaɓi allon rubutun kwamfuta a matsayin abin kiɗa. A kai V/OCT ɗinsa zuwa V/OCT na VCO, a kai GATE ɗinsa zuwa ADSR, a kai mafitar ADSR zuwa kafar CV ta VCA. Sautin kuma ya bi ta VCO zuwa VCF zuwa VCA zuwa Audio. Yanzu na'urar za ta yi shiru sai an danna harafi. A sa A da S a ƙasa, D gajere, a ji bugu. A ɗaga A da S a ji busa. Wanda ya iya wannan haɗi ba tare da duba takarda ba, ya kama tushen yawancin sintesaizar da ke duniya.

Gwaji na huɗu, a ɗauko LFO, wanda shi ma VCO ne amma mai tafiyar hawainiya, ƙasa da abin da kunne ke ji. A saita shi wajen kaɗawa 6 a sakan, a kai shi kafar FM ta VCO, a buɗe masa kaɗan. Sautin zai riƙa rawa kamar muryar gwanin mawaƙi, wadda ita ma kan yi rawa sau 5 zuwa 7 a sakan. Bayan wannan sai a gwada SEQ 3, sashen da ke jera matakai takwas yana maimaita su da kansa. Daga nan kiɗa ya fara, kuma akwai sashen Recorder na ɗaukar abin da aka haɗa.

Abubuwan lura

Rumbun manhajar yana da sassa fiye da dubu biyu, da yawansu kyauta ne, kuma sabon shiga yakan kwaso su har allo ya cika. Wannan taron tsintsiya ne babu shara, ga shi kuma yana nauyaya wa kwamfuta har sauti ya riƙa tsinkewa. Sassa goma da muka ambata sun ishi mai koyo wata guda. Idan na'ura ta yi shiru, kada a tsittsinke wayoyi gaba ɗaya. A ɗauki Scope a bi sautin sashe bayan sashe tun daga VCO, kamar yadda likita ke bin jiki da abin sauraro, har a gano inda ya tsaya.

Abu mafi muhimmanci shi ne kunne. Maɓallin RES na jikin VCF, idan aka murɗa shi har ƙarshe, yakan sa rariyar ta fashe da ƙara mai kaifi ba zato ba tsammani, haka ma waya ɗaya da aka jona ba daidai ba. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya nuna cewa ƙara mai desibel 85 iyakarta awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan desibel 94 awa ɗaya ce, desibel 100 kuwa minti 15. Tsuntsaye da kifaye suna sabunta ƙwayoyin nan masu gashi idan sun lalace, amma ɗan'adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba sa yi, wadda ta mutu ta tafi ke nan. Don haka a rage ƙara kafin a jona sabuwar waya, a fi son lasifika a kan abin sauraro na toshe kunne, kuma duk wanda ya tashi daga aiki yana jin kunnensa na kuwwa, ya san ya wuce gona da iri.

Kammalawa

Ga malami, kwamfuta ɗaya da lasifika ɗaya sun wadatar a koyar da igiyar sauti a darasin fiziks, da kunne da maƙogwaro a darasin ilmin halittu, har da wasula da karin sauti a darasin Hausa. Bayan an sauko da manhajar, ba a buƙatar intanet domin yin waɗannan gwaje-gwaje. Ga ɗalibi mai sha'awar haɗa kiɗa kuwa, ribar ita ce zai daina dogaro ga sautukan da wani ya dafa masa a wata ƙasa, ya fara tambayar kansa mece ce uwar wannan sauti, me ke tace shi, yaya yake tashi, yaya yake mutuwa.

Ga aikin gida ga mai karatu. Ya saurari kukan kurciya da safe, ya lura da kaurinsa, da yawan gaɓoɓinsa, da yadda kowace gaɓa ke tashi ta sauka. Sannan ya gwada gina shi da SIN ɗaya, da ADSR ɗaya, da VCA ɗaya. Idan bai yi kama ba, ya koma gindin bishiyar ya sake saurare, ya rubuta abin da ya kuskure, ya gyara maɓalli ɗaya kawai kafin ya sake gwadawa.